Hajiya ta tambaye ni mi ake koya ma yara a makarantar coci

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce bayan la'asar ina zaune tsakar gida ina tsintar shinkafa, ɗiyata ta sauko daga kabu-kabu ta shigo tana jan jakar nan tata ta makaranta da ta kusa fin ta nauyi, sai ga Hajiya maƙwabciyarmu ta yi sallama ta biyo bayanta. Shekara tara kenan muna katanga ɗaya da Hajiya a nan Mabera, layya ba ta wucewa ba ta aiko muna da nama ba, ni ma Kirsimeti ba ya wucewa ban aika mata shinkafa da cincin ba, amma duk zaman nan bamu taɓa maganar makarantar yara ba sai ranar. Ta zauna kan tabarma ta dubi yarinya ta dubi jaka tace, "Ke maƙwabciya dan Allah in tambaye ki, wai mi aka koya ma yaran ga a makarantar cocin nan taku? Baibul ɗai na ko da boko?"

Ashe jikanta ne ke damunta. Yaro shina aji huɗu a wata makaranta, kuɗi ana biya duk zango ba fashi, amma uban ya miƙa mai waya ya karanta saƙo layi biyu yaro ya tsaya kame-kame, shi ne uban yake tunanin sauya mai makaranta kuma wani abokinshi ya ambaci ta su ɗiyata. Hajiya kuma hankalinta bai kwanta ba, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, nima in ance a kai ɗiyata inda ban san mi ake faɗa mata ba daga safe har azahar sai na tambaya. Nace Hajiya gani ya kori ji, bari mu zazzage jakar ga mu gani tare. Littafin rubutu kaɗai munka ƙirga goma sha huɗu.

Abin da na fara gaya mata shi ne makarantar coci ba ta da wata manhaja tata daban da ta faɗo daga sama. Manhajar gwamnati ce dai wadda hukumar NERDC ke tsarawa ma duk ƙasa, ta karatun shekara tara na farko, kuma shirin UBE ɗin nan ma na ilimin matakin farko ga kowane yaro da ake ta faɗi a nan Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 1999. Aji huɗu zuwa shida su ne tsakiyar shekaru taran, nan ne ake daina lallaɓa yaro da waƙe-waƙen ABCD a fara ɗora mai kaya, a ƙaro Faransanci, a ƙaro noma da tattalin gida, lissafi ya fara tsauri. Ɗiyata tana aji biyar yanzu. Abin da coci ta ƙara bisa wannan shi ne addu'a da Littafi Mai Tsarki da irin tarbiyyar da take so, kuma zan zo kanshi dan ban ɓoye ma Hajiya komai ba.

Littafin lissafi ne ya fara faɗowa. Aikin makon riba da faɗuwa ne, ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 800 ya sayar 1,000, ribarshi kashi nawa ce cikin ɗari? Ɗiyata ta rubuta 20, malam ya ja mata jan biro ya rubuta a gefe wai ta sake dubawa da wane kuɗi mutumin ya shiga kasuwa. Na ji daɗin wannan jan biron sosai, dan bai rubuta mata amsa ba, tambaya ya mayar mata, sai da ta zauna ta gano cewa ribar 200 bisa uwar kuɗi 800 ake auna ta, ta samu 25. Hajiya da ta shekara ashirin tana sayar da atamfa da turare a cikin gida ko biro bata taɓa ba tace ai rubu'i na, yarinya ta ɗago ta dube ta da mamaki. Daga nan hira ta ɓalle, Hajiya ta shiga jero mata rabi, sulusi, rubu'i, humusi, tumuni, ushiri, tana cewa su a wurin zakka da rabon gado sunka san su tun suna 'yan mata, yarinya kuma tana rubuta 1/2, 1/3, 1/4, 1/5, 1/8, 1/10 a gefen kowane. Banda wannan akwai faɗin fili da kewayenshi, lita da kilo, lambobin Romawa, agogo, da haddar sau har goma sha biyu wadda malamin ba ya ɗaga ƙafa a kanta ko kaɗan.

Humusin nan shi ya kai mu littafin Baibul, dan akwai wani aiki da malamar ta basu zangon da ya wuce da har yanzu ina tuna shi. Sun karanta Farawa sura 41, mafarkin Fir'auna, shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, da shawarar da Yusufu ya bada cewa a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa. Hajiya tace ai labarin Annabi Yusufu na, mu ma muna da shi. Sai malamar bata tsaya ga labari ba, tace to manomi a Kware ya samu damen gero 60, in ya bi shawarar Yusufu dame nawa zai sa a rumbu kada ya taɓa? 12. In ya fidda ushiri fa? 6. Ƙarƙashin wannan kuma tambaya ta uku, wai kowa ya je ya tambayi babba a gidansu yadda ake adana hatsi ƙwari basu ci ba, ya rubuto da Turanci layi goma. Aiki ɗaya amma yarinya ta yi Baibul ta yi lissafi ta yi noma ta yi insha'i, kuma sai da ta buga ma kakarta waya a Zuru sunka yi rabin awa kan toka da barkono da yadda ake shafe bakin rumbu. Irin wannan koyarwar ce ta sa nake jure kuɗin makarantar nan ko da wata ya yi nisa.

To anan na dubi Hajiya nace kada in rufe ki, ba labarin annabawa kaɗai ba ne. Kowace safiya a asambili ana waƙar yabo ana addu'a cikin sunan Yesu kafin taken ƙasa, duk mako akwai ayar haddacewa, 'yan aji biyar sun haddace sunayen littattafai 66 a jere, 39 na Tsohon Alkawari 27 na Sabon Alkawari, daga Farawa har Wahayin Yahaya. Ana koya musu haihuwar Yesu da mutuwarshi da tashinshi yadda mu Kirista munka gaskata, kuma na san nan ne inda mu da ku munka rabu, bazan ce miki duk ɗaya ne ba dan in samu ki kawo jikanki. A makarantar su ɗiyata in lokacin darasin Baibul ya yi yaran Musulmi suna fita wani aji wurin malaminsu na addini, amma ba kowace makarantar coci ke yin haka ba, kuma asambili kowa na tsaye a layi. Wannan abu ne da uban yaro zai je da ƙafarshi ya tambayi shugabar makaranta baki da baki kafin ya biya ko sisi. Hajiya ta yi shiru ta gyaɗa kai tace, "Hakanan na ka so, a gaya min gaskiya."

Akwai wani shafi da na nuna mata dan ni ya taɓa ni. Misalin Basamariye ne a Luka sura 10, mutumin da 'yan fashi sunka yi ma duka sunka yar a hanya, manyan addininshi biyu sunka ratse sunka wuce, wanda ya tsaya ya ɗauke shi baƙo ne da ba ƙabila ɗaya ba kuma ba a ga maciji tsakaninsu. Malama tace kowa ya rubuta wane ne maƙwabcinshi da abin da ya taɓa yi mai. Ɗiyata sunan Hajiya ta rubuta, ranar da zazzaɓi ya kama ƙanenta tsakar dare babansu na tafiya, Hajiya ta tada ɗanta ya fiddo mota ya kai mu asibiti. Na fassara mata layi-layi, ta jawo bakin mayafi ta goge ido tace ashe yaran ga suna riƙe abu.

Kimiyya ita ce yarinyar ta fi so, kuma ita ta karɓe bayanin da kanta. Ta ja Hajiya har gindin randa ta sa ta shafa jikinta, tace Inna kin ji damshi ko, to ƙasar randar tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan iska na kwashe shi, kuma duk ruwan da ya tashi da zafi yake tafiya, shi ya sa na ciki ke sanyi, shi ya sa kuma randa ta fi sanyi lokacin da iska ya bushe fiye da cikin damina. Hajiya tace shekara sittin tana shan ruwan randa ba wanda ya taɓa gaya mata dalili. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 wannan ai ba ƙaramin ilimi ba ne. Sun yi yadda ruwa ke tashi ya zama hadari ya dawo, sun shuka wake a gwangwanin madara biyu ɗaya a rana ɗaya cikin kwali, na cikin duhun ya yi tsawo ya yi fari fat ya langaɓe. Sun san macen sauro ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro kuma a kwantaccen ruwa take ƙwai, tun daga lokacin ba a barin ruwa a tsohuwar taya ko gwangwani a gidan ga, ita ke zagayawa tana kifewa. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ma ta iya, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwamfuta kam sai a hankali, suna da 'yan kaɗan kuma sai an samu wuta, yawanci zanen madannai suke a littafi, nan kam ban gamsu ba.

Faransanci na ɗauka ɓata lokaci ne da farko, sai babansu ya tuna min cewa daga Illela in ka tsallaka Ƙonni kake cikin Nijar, kuma ana aiki da Faransanci a can. Yanzu dai gaisuwa ce da ƙirga da sunayen kwanaki. Noma suna da ɗan fili bayan aji sun sa alayyahu da yakuwa, sun yi darasi kan jar akuyar Sakkwato da yadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da albasa da tafarnuwar fadama, da madatsar ruwa ta Goronyo bisa gulbin Rima, da dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina. Tattalin gida kuma ta iya sa maɓalli da kama bakin siket.

Inda munka daɗe shi ne tarihi. Hajiya bata yi zaton za ta ga sunan Shehu a littafin makarantar coci ba, sai gashi shafi guda da rubutun yarinya, haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo 1754, hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto 1804, faɗuwar Alƙalawa 1808, Muhammadu Bello ya kafa garin ga 1809, rasuwar Shehu 1817, zuwan Turawa da karon Giginya 1903. An kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu bara, ta dawo tana ta bani labarin tsofaffin takardu da anka rubuta da hannu. Wadda ta fi shiga ranta Nana Asma'u ce, wai mace tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura jajis, wato matan da ta koyar, da malfa bisa kai su shiga ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru. Na ji wani uba a taron iyaye da malamai yana ƙorafi wai mi ya haɗa ɗanshi da tarihin jihadi, ni kuma na tashi nace yaron da anka haifa a Sakkwato, yake wucewa ta Hubbare da fadar Sarkin Musulmi, in bai san su wa ke kwance a can ba kuma mi ya sa mutane ke zuwa ziyara tun daga nesa, to baƙo munka maida shi a garinsu. Abin da ni na roƙa a ƙara shi ne a koya musu namu ma, yadda 'yan mishan na SIM sunka iso ƙasar ga a 1893, da asibitin kutare na Amanawa, da yadda bishara ta shiga ƙasar Zuru, dan yaro ya san ta inda kakanninshi sunka biyo. Sauran kuma na zaman ƙasa ne, jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, 23 a jihar Sakkwato, an ƙirƙiro jihar 1976, Kebbi ta fita 1991, Zamfara 1996, da cewa Shehu Shagari da Sardauna duk alli sunka fara riƙewa kafin mulki. Taken ƙasa ma da anka maido da tsohon a 2024 ita ta koya min.

Turanci shi ne abin da ya kawo Hajiya, dan haka na sa yarinya ta karanta mata shafi guda da ƙarfi sannan ta faɗi ma'anarshi da Hausa, ta yi tsaf. Suna auna fahimta duk mako, da shifta, da nahawu, da rubuta wasiƙa iri biyu, ta zuwa ga aboki da ta zuwa ga hukuma, da muhawara ranar Laraba. Duk wannan shiri ne na jarabawar shiga sakandaren tarayya da NECO ke yi, ta shiga irin FGC Sakkwato ko ta 'yan mata da ke Tambuwal. Wasu iyaye tun aji biyar suke fidda yaro su tura shi ƙaramar sakandare, JSS, ni kam tawa sai ta zauna aji shida ta gama, ba inda muke sauri.

Sai Hajiya ta ɗago wani siririn littafi da ya rage a ƙasan jaka tace wanga fa na mine ne, duk shafi uku ɗai anka rubuta. Na Hausa ne. Nan jikina ya yi sanyi dan abin ya daɗe shina cin raina. Hausa na cikin darussan da gwamnati ta tanada, amma a makarantar sau ɗaya ake yinta a mako, darasin ƙarshe ranar Juma'a, kuma in jarabawa ta matso malamin lissafi ke karɓe lokacin. Bayan haka akwai monita mai rubuta sunan duk wanda ya yi banakula, wato harshen gida, a ci tararshi. Na san niyyarsu yara su iya Turanci ne, amma ga abin da ya haifar a gidana. Watan jiya da mahaifiyata ta zo daga Zuru muna addu'ar dare ta miƙa ma jikarta Littafi Mai Tsarki na Hausa tace ta karanta muna Zabura 23. Yarinyar da ke zuba Turanci kamar ruwa ta tsaya tana in-ina, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, ta zo kan ƙ da ɗ da ɓ bata san mi za ta yi da lanƙwasar ba, aya shida kacal sai da kaka ta ƙarasa mata da ka. Mama bata ce komai ba, ta karɓi littafinta ta rufe ta sa a jaka, ni kuwa daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya sa ya yi min zafi, ita Mama da Hausa ta koyi karatu, a ajin coci ƙarƙashin icce, kuma duk tsaransu haka ne. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya ja gaba, kuma da shi dubban mutane a Arewa sunka fara gane baƙi. Har gobe da Hausa muke sujada ranar Lahadi, da Hausa zumuntar mata ke waƙa, da Hausa ake wa'azi a jana'iza. Makarantar da coci ta gina ita ce ya kamata ta fi kowa riƙe harshen nan da hannu biyu. Yaro mai shekara goma kanshi na ɗaukar Turanci da Faransanci da Hausa duka ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba, na gani da idona ranar da ta yi ma Hajiya bayanin randa, da Hausa ta yi shi kuma shi ya nuna min ta gane abin ba hadda ta yi ba. Na riga na rubuta ma shugabar makaranta takarda, na roƙi a maida darasin Hausa tsakiyar mako a kuma daina cin tarar nan, wasu iyaye huɗu sun sa hannu, za mu tada maganar a taron iyaye na ƙarshen wata.

Hajiya ta miƙe da anka fara kiran magariba, tana gyara mayafi tace za ta sa ɗanta ya je ranar Litinin ya ga shugabar da kanshi ya tambayi zancen malamin addini da na asambili, in ya gamsu to, in bai gamsu ba su duba wata. Har ta kai zaure ta juyo tace ma ɗiyata, "Ke 'yar nan, gobe in kin taso ki zo da littafin Hausan ga gidana, ni da ke za mu cika shi." Jiya Asabar da na leƙa na iske su bisa tabarma su uku har da jikan, Hajiya na faɗin ƙasa, ƙosai, ƙofa, ɗaki, ɓera, yaran na rubutawa, an kai shafi na bakwai.